Kafin a Sayi Sabar: Lissafin da Ke Gaban Mai Ƙaramin Kamfani

Hirarmu ta yau ta masu ƙananan kamfanoni ce: mai sayar da magani a kan sari, mai makarantar kuɗi, mai ƙaramin asibiti, ofishin lauyoyi ko na akawu, duk dai wanda ma'aikatansa suka kai goma zuwa talatin, aikinsu kuma ya rataya a wuyan kwamfuta. Za mu tattauna yadda ake zaɓen sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke jingina da ita, musamman idan ana so a kasa ta gida-gida ta yi aikin kwamfutoci da yawa a lokaci guda. Matasanmu masu haɗa wa mutane irin waɗannan kaya, ku ma ku matso kusa da rediyo, don rabin maganar taku ce.

Yadda abin yake farawa sananne ne. Kamfani yana ƙarami, lissafin kuɗi yana kan kwamfutar akawu. Da aka buɗe sito na biyu sai aka sayo wata aka ɗora mata manhajar ƙidayar kaya. Takardu kuma suna yawo a filashi daga wannan tebur zuwa wancan. Ran da akawu ya yi tafiya da makullin ofishinsa a aljihu, aiki ya tsaya cak. A nan ne wani zai matso ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sabar za a saya." Gaskiya ya faɗa. Sai dai a da, kowane babban aiki sabarsa daban ake saya masa, don kada wannan manhaja ta dagula waccan. Ƙaramin kamfani ina zai kai sabar huɗu, ina kuma zai samo musu wuta?

Mafitar da aka samu ita ce abin da masu aikin suke kira VM, kwamfutar da ba ta da gangar jiki, a cikin wata kwamfutar take zaune. Ku ɗauke shi kamar gidan haya. Gini ɗaya ne, amma an yanka ɗakuna, kowane ɗan haya da ƙofarsa da makullinsa, babu mai leƙa na wani. Wannan ɗaki na lissafin kuɗi, wancan na takardu, na ukun na mai gadin intanet. Akwai manhaja guda da ke matsayin mai kula da gida, ita ke raba wa kowa rabonsa. Amma rijiya ɗaya suke sha, mita ɗaya suke ja, rufi ɗaya ya rufe su. In rijiyar ta yi kaɗan kowa zai ji a jikinsa, in rufin ya rufta kuma babu ɗakin da zai tsira. Duk abin da zan faɗa yau daga nan ya taso.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fara ta a kan manyan injinansa tun shekarun 1960, ya fito da tsarin VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, da aka kafa a 1998, shi ya sauko da ita kan kwamfutoci irin namu. Daga baya Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina taimakon wannan aiki a cikin furosesa kanta. Saboda haka kusan duk sabar da za ka tarar a kasuwa yau za ta iya ɗaukar VM. Tambayar da ta rage ita ce guda nawa za ta ɗauka, da wane sauri, kuma har tsawon wane lokaci a irin ɗakin da za ka ajiye ta.

To Alhaji, Hajiya, roƙona na farko shi ne kada a fara da kasuwa. A fara da takarda da biro. Mai shago zai tambaye ka nawa ka tanada, ya nuna maka abin da ya kai kuɗin. Ba laifinsa ba ne, bai san aikinka ba. Kai da injiniyanka za ku zauna ku rubuta ayyukan ɗaya bayan ɗaya, da yawan mutanen da za su shiga kowanne a lokaci guda.

Bari mu yi lissafin tare. A ce kamfanin sarin magani ne mai ma'aikata 15. Manhajar ciniki da ƙidayar kaya, tare da rumbun bayananta, ita ce zuciyar kamfanin, a ware mata RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da ke hannunta, giga 16. VM ta biyu mai riƙe sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da takardun ofis, giga 8 ya ishe ta. Ta uku mai tsaron ƙofar intanet, giga 4. Akwai wata tsohuwar manhajar albashi da ba ta tashi sai a kan tsohon Windows, a ba ta ɗakinta da giga 8, a kuma killace ta daga intanet. Manhajar da ke rabon ita ma tana cin nata, a bar mata giga 4 zuwa 8. Kun ga mun kai giga 40 zuwa 44. Wanda ya sayi sabar mai giga 32 ya gaza tun ranar farko. Mai 48 zai yi numfashi na 'yan watanni. Ni 64 zan ce a saya, a kuma tabbatar akwai ramukan RAM da suka rage babu komai a ciki, don ran da aka buɗe reshe a ƙara ba tare da an zubar da na da ba.

Na fara da RAM da gangan. Mutanenmu sun fi tambayar furosesa, don ita ce mai suna, ita ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Amma a ƙaramin ofis furosesa a zaune take yawancin yini. Ma'aikaci ya danna, ta yi aikin cikin ƙiftawar ido, ta koma jira. Shi ya sa VM huɗu ko biyar za su iya yin karɓa-karɓa a kan ƙwayoyin furosesa ɗaya babu wanda ya lura. RAM ba ta karɓar wannan wasa da sauƙi. Abin da ka ba rumbun bayanai ya riƙe ke nan, in kuma ta ƙare sai sabar ta koma juye abubuwa a kan faifai, nan take kowa a ofis ya fara cewa "yau netwok ba kyau," alhali babu ruwan netwok.

Kuma RAM ɗin a nemi mai gyara kuskurenta da kanta, wadda ake kira ECC. A 2009 an wallafa wani bincike da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da injiniyoyin Google a kan ɗimbin sabobin kamfanin, aka gano fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a cikin shekara. A kwamfutar gida irin wannan kuskure yakan wuce babu wanda ya sani, ko ta daskare a kashe a kunna. A sabar da ke riƙe da bashin da ake bin kwastomomi, lamba ɗaya da ta juye a ɓoye tana iya shiga littafi ta zauna. ECC tana kama ƙaramin kuskure ta gyara shi, ta kuma rubuta rahoto don a san sandar da ta fara lalacewa. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa ba na son a ɗauki kwamfutar tebur a naɗa mata rawanin sabar.

Furosesa kuwa, ga irin kamfanin da muka misalta, guda ɗaya mai ƙwaya 8 zuwa 12 ta jinsin Xeon ko EPYC ta wadatar. Abu ɗaya zan ja kunne a kai, shi ne lasisi. Tun daga Windows Server 2016, Microsoft da ƙwayoyin furosesa yake lissafin kuɗinsa. Mafi ƙarancin abin da za ka biya na ƙwaya 16 ne a kowace sabar, kuma lasisin Standard izinin VM biyu kacal yake bayarwa. In kana son wasu biyun sai ka sake biyan kuɗin ƙwayoyin gaba ɗaya. Ka ga wanda ya ga tsohuwar sabar mai furosesa biyu, kowace ƙwaya 14, ya yi murna ya saya, ya ɗauko wa kansa lasisin ƙwaya 28, ga ƙarin wutar da za ta sha, ga aikin da bai kai ya motsa rabinta ba.

Mu zo kan faifan ajiya, inda aka fi yin kuskure. Mai saye yakan tambayi girma: tera nawa ne? Girma shi ne abu mafi araha. Abin da ke wahala shi ne saurin amsa kira. Faifai irin na da, mai juyawa sau 7,200 a minti, yana da allura guda da take tsalle daga nan zuwa can tana karatu, abin da take iya amsawa na ƙananan buƙatu warwatse bai wuce kusan 100 a daƙiƙa ba. In kwamfuta ɗaya ce ke kiransa, ana lallaɓawa. To yanzu VM huɗu ne, kowace tana jan allurar zuwa nata ɓangaren. Da ƙarfe takwas na safe kowa ya kunna, mai ciniki yana buga rasit, akawu yana jan rahoton wata, sai ka ga layi ya taru a gaban kanta ana jiran rasit ya fito. SSD, faifan zamani da ba ya juyawa, ba shi da allura, yana amsa dubun dubatar buƙatu a daƙiƙa. Don haka VM dai a kan SSD za su zauna. Faifai mai juyawa a bar shi ga tsofaffin takardu da kwafin ajiya, a nan girmansa da araharsa suke da amfani.

SSD ɗin ma iri biyu ne, kuma bambancin ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Na kwamfutar hannu yakan riƙe bayanai na ɗan lokaci a wani ƙaramin ma'aji kafin ya rubuta su dindindin. In wuta ta yanke a daidai wannan lokaci, abin da ke hannunsa ya tafi, wani lokaci ma ya bar rumbun bayanai a hargitse. SSD na sabar yana da 'yan ƙananan ma'ajin wuta a jikinsa da suke ba shi damar ƙarasa rubutun ko da an ɗauke. Ya kuma fi jure yawan rubutu, domin kowane SSD yana da iyakar abin da za a rubuta a kansa kafin ya tsufa, kamfanoni suna bayyana wannan adadi a takardarsa. Ya fi tsada, babu shakka. Amma araha ba ta ado, kuma a nan ne kuɗin da aka rage daga furosesa ya kamata ya tafi.

Kada kuma faifai ya zama guda ɗaya. Mafi ƙaranci biyu, a haɗa su kowane yana ɗauke da abin da ɗan uwansa ya ɗauka, tsarin da ake kira RAID 1. In huɗu ne a yi RAID 10. Ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba, a zare shi a sa sabo sabar tana kunne. Sai dai ina so ku riƙe wannan da kyau: RAID ba kwafin ajiya ba ne. Ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, a take ya goge a faifan biyu. Ƙwayar cutar masu neman kuɗin fansa ta kulle bayanai, duka biyun ta kulle. Za mu dawo kan wannan bayan mun ɗan sha iska.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla. Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu a tsakiya, muna magana ne a kan zaɓen sabar da za ta ɗauki VM a ƙaramin kamfani. Yanzu mun iso wurin da shawarar da ake karantawa a intanet ba ta cika yi mana amfani ba, don masu rubuta ta ba su san watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba.

Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Yawancin sabobi an ƙera su su yi aiki har zuwa digiri 35. Mu kuwa a bazara inuwa ma tana kai 40. Ku leƙa inda ake ajiye sabar a ofisoshi da yawa: ɗan ƙaramin sito a ƙarƙashin matakala, babu taga, kwalayen takarda sun jingina da bayanta sun toshe inda zafi ke fita, batiran inbata suna gefe suna nasu zafin. Ka buɗe ƙofar, hucin ya daki fuskarka, fankokinta suna ihu kamar za su tashi. Ka shafa gabanta, yatsanka ya fito ja da ƙurar hunturun da ya wuce. Duk wutar da sabar ta sha zafi take komawa, kuma a cikin ɗakin yake zama in babu mafita. Sabar da ke wannan hali za ta rage gudu don ta kare kanta, in abin ya yi yawa ta kashe kanta, faifai da batir kuma su tsufa kafin lokacinsu. Batirin dalma na UPS, na'urar da ke riƙe wa sabar wuta in an ɗauke, an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba wannan rayuwa biyu. Kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, ko aƙalla ɗaki mai iska da ake sharewa, cikin kuɗin sabar yake. A ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata fili gaba da baya, a kuma hure mata ƙura bayan kowane hunturu.

Sai kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin masu layin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Mu yi lissafi da wannan farashi. Tsohuwar sabar mai furosesa biyu, a ce tana jan wat 200 dare da rana, a wata ta sha yunit 144, wato naira 32,400. Ƙarama ta zamani mai jan wat 60 za ta sha yunit 43 da 'yan kai, ƙasa da naira 10,000. Wannan fa wutar layi ke nan, wadda ta fi ta janareta sauƙi nesa ba kusa ba. In da sola da inbata kake aiki, bambancin ya koma yawan batir da faifan sola da za ka saya don ta kwana a kunne. Ka tara wannan na shekara uku, za ka ga wata arahar a ranar saye kawai take.

UPS kuwa dole ne, ko da akwai inbata. A nemi mai fitar da wuta mai tsabta irin ta layi, domin akwatin wutar sabobin zamani ba ya jituwa da wutar ƙananan inbata masu araha. In hali ya yi, a sayi irin wanda ake kira onlayin, wanda kullum shi yake sarrafa wutar da sabar ke sha, ta yadda hawa da saukar wutar janareta ba sa isa gare ta. Sannan ga wata 'yar waya da ake mantawa a cikin kwali, wayar USB da ke haɗa UPS da sabar. Ita ce take sanar da sabar cewa batir ya kusa ƙarewa, sai ta rufe VM ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa ta kashe kanta. In ba a haɗa ta an saita manhajarta ba, abin da UPS ya yi kawai shi ne jinkirta faɗuwar da minti goma sha. Injiniya, ka gwada a gaban mai kamfani: ka zare filogi daga bango, ku tsaya ku ga abin da zai faru.

Sabuwa ko ta hannu? Ba na hana ta hannu. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suna sauke sabobinsu bayan 'yan shekaru, su ne suke isowa Computer Village a Ikeja, daga can su bazu zuwa sauran garuruwa. Irin su Dell PowerEdge R730 da HPE ProLiant DL380 Gen9, waɗanda suka fito a 2014, ƙarfe ne mai ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Samuwar kayan gyara babban abu ne. Garantin da zai sa ka jira kaya daga ƙasar waje mako uku bai kai akwatin wutar da za a sako maka a motar dare daga Legas ba. Abin da ya girmi waɗannan, mai RAM irin ta DDR3, ni ba zan ɗora masa kamfani ba a yau.

In za ka sayi ta hannu, ga yadda za ka tsaya a kanta. A jikin Dell akwai lamba mai harafi bakwai, ka shigar da ita a shafin kamfanin, zai nuna maka ranar da ta fita da kayan da aka haɗa ta da su. A buɗe murfin a gabanka. Ka duba ko fankokin sun cika, ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna, ko ramukan faifai suna da marikansu, domin marikan nan in babu su sai ka sake biya. A kunna, a shiga ɗan allon kulawa da ke cikinta, wanda Dell ke kira iDRAC, HPE kuma iLO. A nan sabar take rubuta tarihin ciwonta: RAM da ta yi kuskure, akwatin wutar da ya taɓa ɗaukewa, zafin da ta taɓa sha. Kowane faifai kuma yana ƙidaya awannin da ya yi a kunne, faifan da ya nuna awa 43,800 ya yi shekara biyar cur yana aiki. Shawarata, ka sayi gangar jikin ta hannu, faifan kuwa sababbi. Ka kuma nemi a bar ta ta kwana tana gwajin RAM da manhajar Memtest86 kafin ka cika kuɗi. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba.

Siffarta ma a duba. Mai shimfiɗe da ake jerawa a kanta an yi ta ne don ɗaki na musamman, ƙarar fankokinta ba ta barin mutum ya yi waya a kusa. In a cikin ofis za ta zauna tare da mutane, a ɗauki mai tsayuwa, irin jerin T na Dell ko ML na HPE. A nemi mai akwatin wuta biyu, da ƙofofin sadarwa aƙalla biyu.

Manhajar rabon a yanke shawararta kafin a sayi ƙarfen, don ba kowace ce take karɓar kowane kaya ba. Hyper-V a cikin Windows Server yake zuwa. Proxmox, wanda wani kamfani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya fito da shi a 2008, kyauta ne, mai son tallafi ya biya. VMware ya daɗe yana jan ragama, amma bayan Broadcom ya saye shi a Nuwamban 2023 an daina sayar da lasisin dindindin an koma biyan kuɗi lokaci-lokaci, ƙananan kamfanoni da yawa suka fara neman wata hanya. VMware yana da jerin kayan da ya amince da su, a duba kafin saye. Mai niyyar Proxmox da tsarin ajiya na ZFS kuma ya tabbatar katin faifan sabar zai iya miƙa faifan kai tsaye. Wacce ta fi? Wadda injiniyanka ya iya, kuma akwai wani a garin da shi ma ya iya ta.

Na san wani zai ce me ya sa ba za a yi hayar sabar a intanet a huta da ƙura da janareta ba. Ga imel da wasu ayyuka, wannan ita ce hanya mafi kyau, ni ma ita zan nuna. Amma hayar yawanci da dala ake biya, kun kuma ga yadda naira ta yi tun 2023. Sannan a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna suka riƙa gagarar mutane. Kantin da rasit ɗinsa ba ya fita sai da intanet, ranar sai haƙuri. Manhajar da ciniki ya dogara da ita minti-minti tana da hujjar zama a cikin gida.

Yanzu alƙawarin da na yi a kan kwafin ajiya. Tun da an tara ayyuka huɗu a ƙarfe ɗaya, tambayar da mai kamfani zai yi wa injiniya ita ce, "In wannan ta mutu ran Litinin da safe, yaushe za mu koma ciniki?" In amsar ita ce sai an nemo wata, to kasafin bai cika ba. Ni na fi son a sayi matsakaiciyar sabar da wata ƙaramar na'ura ta biyu a kan a zuba kuɗin duka a katafariya guda. Ta biyun tana karɓar kwafin kowace VM duk dare, kuma ran tsiya za ta iya tayar da manhajar ciniki ko da a hankali ne. Wannan shi ne babban alherin VM: fayil ce, ana ɗaukarta a tayar a wani ƙarfen ta ci gaba daga inda aka kwafe ta. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan da ake cirewa a kai gida ko reshe duk mako yana maganin gobara da ɓarawo da masu kulle bayanai. A Fabrairun 2023 irin waɗannan maɓarnata suka kulle dubban sabobin VMware a ƙasashe daban-daban, waɗanda aka bari ba a sabunta ba kuma a buɗe ga intanet. Don haka a riƙa sabunta manhajar rabon, kada a buɗe allon kulawarta ga duniya, a kuma canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani tun ranar farko.

Kwafin ma sai an gwada shi. Duk wata uku, Alhaji, ka sa injiniya ya dawo da VM ɗaya daga ajiya a gabanka, ka buɗe ka ga cinikin jiya da idonka. Sannan ka sa ya rubuta maka kalmomin sirri duka, da lambobin lasisi, da zanen yadda aka haɗa kayan, a sa a ambulan a kulle a inda kake ajiye takardun fili. Yaron nan mai hazaka gobe zai iya samun aiki a Abuja ko ya tafi ƙaro karatu, wanda zai gaje shi da wannan ambulan zai fara.